Bokitin Baba Mai Famfo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina cikin kantina ina ƙulla wa wata mata maganin tari, babbar 'yar Baba Mai Famfo ta kira ni a waya. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Yaya, Baba ya cika." Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana tara, yana da shekara saba'in da huɗu. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya biyar da jikoki. Ya kuma bar mana lambun unguwarmu, wanda in ba don shi ba da yanzu shaguna ne a jere a wurin.

Baba, yau kwana ashirin da rasuwarka. Na ɗauki alƙalami sau uku ina ajiyewa, domin akwai abin da ya kamata in faɗa a kaina kafin in gama faɗar alherinka, kuma kunya ce ta riƙe ni. Yanzu dai zan faɗa.

Kai aminin mahaifina ne. Shekara talatin da biyar ka yi kana gyaran bututu a hukumar ruwa, har sunan aikin ya danne sunanka na yanka, jikokinka ma Baba Mai Famfo suke ce maka. Ni kuwa tun ranar da na buɗe kantin magani ka laƙaba mini Dakta, alhali ka san ko allura ban iya ba. In na yi ƙorafi sai ka ce, "To me zan ce maka, Dakta? Mai sayar da ƙwaya?"

Waɗanda suka taso bayanmu ba za su yarda da yadda filin nan da ke tsakanin tashar mota da makarantar firamare yake a da ba. Muna yara akwai lilo a ciki, da bencina, da inuwar da ake kwana a ƙarƙashinta da tsakar rana. Sannu a hankali katanga ta zube, aka sare itatuwan, wannan ya zuba shara, wancan ya ƙara. Ba a jima ba wurin ya samu sabon suna. Kowa Juji yake cewa. Har direbobin haya in sun iso sai ka ji suna tambaya, "Akwai mai sauka a Juji?"

Tun farkon bara hukumar birni ta manna takarda a jikin ragowar katangar, cewa za a ba da filin a gina shaguna. Mu duka mun karanta mun wuce. Kai kaɗai ka ɓanɓaro takardar, ka shigo kantina da ita a hannun dama, da wani tsohon bokitin ƙarfe a hannun hagu. Na ce, "Baba, ai gara su gina, jujin nan ya ishe mu da wari." Sai ka miƙo mini bokitin ka ce, "Ka ce lambu, sannan ka saka tara."

Na yi dariya na jefa 'yan canji. Ashe da gaske kake. Daga ranar duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce juji a gabanka, sai ya ce lambu, ya kuma jefa wani abu a bokiti. Ba ka ƙyale liman ba, ba ka ƙyale direbobi ba, matarka ma Inna ta biya sau biyu a tsakar gidanta. Da tarar nan aka sayi shebur da kwandunan farko. Ni na fi kowa biya, don ni na fi kowa surutu.

Sau goma sha ɗaya ka je ofishin hukumar. Kana zama a benci daga safe har a tashi, ba faɗa, ba ɗaga murya, sai gaisuwa da tambayar ko mai gida ya samu sarari. A zuwa na sha ɗaya babban jami'in ofishin ya gaji da ganin fuskarka ya ba ka sharaɗi a rubuce. An ba mu shekara guda mu kwashe shara, mu tayar da katanga, mu dasa itatuwa. In shekara ta zagayo za su zo su duba. In suka tarar da itace ɗari a raye, an fasa shaguna. In ko ɗaya ya kasa daga ɗarin, shi ke nan. Jami'in ya tabbata ba za mu iya ba, ni ma a raina haka na ɗauka.

Sai ka shiga gari da bokitinka, shago shago, gida gida. Ba ka taɓa roƙon kowa da marairaicewa ba. Kakan ajiye bokitin ne a gaban mutum, ka zauna ka fara ba shi labarin lilon da ubansa ya faɗo daga kai ya fasa goshi, har sai ya yi dariya ya sa hannu a aljihu. Wanda ba shi da kuɗi ba ka barinsa ya ji kunya. Mai walda ya ce aljihunsa a bushe yake, ka ce ƙofar ƙarfe kake so. Direban tifa ya kwashe sharar a kan kuɗin mai kawai. Mata masu sayar da kayan miya a bakin tasha suka kawo tsintsiya suka yi Asabar huɗu suna shara. Da aka zo shimfiɗa hanyar ciki, ka sa magina suka rushe abin da suka yi suka ƙara faɗi, saboda wata tsohuwa a layinmu da ake tura ta a keken guragu. Maginan sun yi ta guna-guni, ka saya musu ruwan sanyi ka tsaya a kansu har suka gama. Tsohuwar ce ta fara shiga lambun ranar da aka buɗe.

Sau ɗaya muka yi faɗa da kai, kuma ina so a san ni ne mai laifi. Wani ɗan kwangila ya zo ya ce zai ba da siminti, ya kuma riƙa aiko da motar ruwa duk mako a shayar da itatuwan. Mu 'yan kwamitin aikin lambun har mun fara tafi. Kai kuwa ka karɓi simintin ka yi godiya, ka ce a bar motar ruwan. Raina ya ɓaci, na ce maka a gaban jama'a taurin kai irin na tsufa ne zai kashe aikin nan. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Dakta, shekara talatin da biyar na yi ina gyara famfon da ba na kowa ba. Na san yadda yake ƙarewa. Ranar da bawan Allahn nan ya gaji, motar za ta daina zuwa, kuma babu wanda zai ji a jikinsa."

Tsarin da ka kawo shi ne kowane itace ya samu mai shi. Ka tono wani tsohon bututu da kai ka binne shi da hannunka tun kana saurayi, ka sa famfo a tsakiyar lambun. Aka dasa itace ɗari da ashirin, darbejiya da mangwaro da gwaiba, aka raba wa mutum ɗari da ashirin. Aikin kowa bokiti guda ne kullum da safe. Kai kaɗai ba ka ɗauki itace ba. Da muka tambaye ka sai ka ce gwiwoyinka ba za su iya ba, kai mai sa ido ne kawai.

Ni na zaɓi mangwaron da ke bakin ƙofa. Gaskiyar magana, na zaɓe shi ne don kowa ya gani in zai shiga. Wata biyu na yi ina ba shi ruwa ba fashi. Daga nan na fara tsallake kwana ɗaya, sai biyu, sai mako. Kanti ya yi yawa, na ce wa kaina. Abin mamaki, duk sanda na wuce sai in ga mangwarona ya fi na kowa kore, yana ta fitar da jan ganye. Sai na daina zuwa da bokiti gaba ɗaya. Har cika baki nake yi a kanti, ina ce wa mutane hannuna na da albarka. Wata rana na same ka zaune a benci na ce, "Baba, ka ga nawa? Saiwarsa ta kai ruwa da kanta." Ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Haka ne, Dakta. Wasu itatuwan akwai sa'a."

Awaki da iska sun kashe mana itace tara a cikin shekarar, saura ɗari da sha ɗaya. Hankalinmu kwance, muna jiran zuwan jami'ai a ƙarshen Afrilu. Sai ciwo ya kwantar da kai a tsakiyar zafi, lokacin da ko takalmi ba ya hana ƙasa ƙona ƙafa.

Kwana uku bayan jana'izarka na bi ta lambun a hanyata ta zuwa gidanka. Mangwarona ya sunkuyar da kai, ganyen ya naɗe ya koma ruwan ƙasa. Na shiga ciki, sai na ga ba shi kaɗai ba ne. Nan itace kore shar, na kusa da shi a yamutse, can ma haka, a warwatse ko'ina. Na rasa gane wace irin cuta ce take zaɓen itace ta tsallake na gefensa, ni da ake kira Dakta.

Da na isa gidanka na gaya wa Inna. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da bokitin nan na ƙarfe ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ɗana, ba cuta ba ce. Kullum in ya idar da sallar asuba ba ya dawowa gida. Can yake wucewa ya ba na waɗanda suka daina zuwa ruwa, kafin gari ya waye a gan shi. Ashirin da uku ne. Na ce masa ya kira su ya yi musu faɗa, ya ce in ya kunyata mutum ba zai sake shiga lambun ba." Na tambaye ta ko ta san masu su. Ta ce ba ka taɓa faɗa mata sunan kowa ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma naka na sani, don da shi yake farawa. Yana bakin ƙofa."

Baba, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na yi kuka a gaban Inna kamar yaro. Wata takwas kana ɗaukar bokiti da gwiwoyin da ka ce ba za su iya ba, ina tsaye a kanti ina yabon hannuna. Na lissafa a raina: in ashirin da ukun nan suka mutu, tamanin da takwas za su rage, kuma jami'ai saura kwana goma sha biyu su zo.

Na fita ƙofar gida inda ake zaman makoki, na nemi izinin liman, na miƙe na faɗi abin da na yi. Ban kira sunan kowa ba sai nawa. Na ce akwai mutum ashirin da biyu irina, sun san kansu, kuma famfo na nan inda ka sa shi. Na koma na zauna. Washegari bayan sallar asuba na je da bokitinka, na tarar da layi a bakin famfon. Har da mai walda, har da wani malamin makaranta, har da ɗaya daga cikin 'yan kwamitinmu. Kowa ya sunkuyar da kai yana tara ruwa, ko gaisawa ba mu iya yi da kyau ba.

Jami'an sun zo ranar Laraba da ta wuce. Sun bi layi layi suna taɓa kowane itace, suka samu ɗari da tara a raye. Jami'in nan da ka yi wa zarya sau goma sha ɗaya ya sa hannu a takarda, ya tambaya ina tsohon mai bokiti. Da aka gaya masa, ya cire hularsa ya yi maka addu'a. An fasa shaguna, Baba. Direbobi ma yanzu "Lambu" suke kira.

Biyu ne ba su farfaɗo ba, kuma nawa na cikinsu. Na ba shi ruwa safe da yamma, amma na makara. Shekaranjiya na tumɓuke shi na dasa wani a raminsa, ɗan ƙarami, bai kai gwiwata ba. Duk mai shiga zai gan shi a bakin ƙofa ya san dalili, kuma hakan ya dace da ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta riƙe sirrin mijinta da namu wata takwas, da 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da abokan aikinsa na hukumar ruwa, da dukan mutanen unguwarmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Ya Allah, bawanka ya rufa mana asiri a duniya, ka rufa masa asiri a lahira. Ka gafarta masa kura-kuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa duk wanda ya huta a inuwar lambun nan ladan ya isa gare shi. Ya shayar da abin da muka bari da ƙishi ba tare da ya gaya wa kowa ba, ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishi bayansa. Amin.

Bokitinka na wurina, Baba. Inna ta ce in riƙe.