Inna Mai Shara da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Shekara goma sha bakwai Inna ta yi tana share ofishinmu. Bayan rasuwar mijinta ta fara, kuma da tsintsiyar nan ta riƙe 'ya'ya huɗu, yanzu ga jikoki biyu a hannunta. Kafin kowa ya iso ta buɗe tagogi ta goge tebura, makullai a ƙulle a bakin zaninta. Abu ɗaya ne ba ta taɓawa, kwamfuta. "Abin nan naku" take ce mata, in tana shara ma kewaye ta take yi.

Ni ce sakatariya, kuma in faɗi gaskiya, bakina ya fi hankalina sauri.

Wata Litinin da safe na danna kwamfutata, ta ƙi tashi. Fankar ciki ta juya sau ɗaya ta tsaya, allo baƙi ƙirin. Na zare waya na mayar, na canza soket, na sake dannawa, shiru kake ji. Ga takardun da manaja zai je taro da su ƙarfe goma duk suna ciki. Ya zo ya tsaya a kaina yana huci.

"Wa ya taɓa ta?"

"Inna ce, ranka ya daɗe," na ce. "Ranar Juma'a da zan fita, da idona na gan ta a kanta da jiƙaƙƙen tsumma."

Aka kira ta. Manaja ya tambaye ta ko haka ne, ta ce e, ta goge saman akwatin kwamfutar. Ya ce don me? Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ya ce to, in mai gyara ya tabbatar ruwa ne ya shiga, ta ajiye makullai ta kama gabanta.

Mai gyaran ya zo, wani mutum mai sanyin jiki, kai ka ce ba shi ake jira ba. Ya gwada wayar wuta, lafiyarta lau. Ya danna, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Sannan ya kwance gefen akwatin, ya zaro wani siririn falle ya goge bakinsa ya mayar. Ba ta tashi ba. Sai ya haska tocila can ciki, ya dangwala yatsa, ya shinshina.

"Wannan ai ba ruwa ba ne," in ji shi. "Dubi tururuwa. Shayi ne, da madara, sukari kuwa ba a yi masa rowa ba. Wa ke ɗora kofi a kan akwatin nan?"

Wayyo ni! Duk ofishin an san wa. Saman akwatin akwai 'yan huji da iska mai ɗumi ke fita, a nan nake ajiye shayina don kada ya huce, har ina yi wa mutane alfahari da dabarar. Ranar Juma'ar jakata ta bugi kofin. Na ga ya zube, na ce ɗan kaɗan ne, na ruga kada mota ta bar ni. Ba mantawa na yi ba, wallahi. So nake in manta.

"Ni ce," na ce.

Manaja ya daɗe yana kallona. "Da idonki kika gan ta, ko?" Iyakar abin da ya ce ke nan, da ma zagina ya yi. Haka ya tafi taron hannu rabbana. Mai gyara ya wanke cikin ya busar, bayan azahar ta tashi, ni kuwa ko kallon allon na kasa yi don kunya.

A bakin famfon bayan ofis na sami Inna. Har ta kwance makullan ta ajiye a kan taga. Na durƙusa.

"Inna, don Allah ki yafe mini. Me ya hana ki faɗa?"

"Haba 'yata, tashi, kayanki za su jiƙe. Na ga shayin yana gangarawa cikin hujin ne, na ce kada a yi miki faɗa. Saman na samu na goge, cikin ne hannuna bai kai ba." Ta share hannu da zani. "Ya tashi dai, abin naki?"

Na gyaɗa kai. Ta ce alhamdu lillahi, ta miƙo mini kofina. Ta wanke shi tas.