Yau Ni Na Kira Azahar

"Baba, ba asiri aka yi maka ba," in ji malamar asibiti a Bungudu. "Maganin hawan jininka ke busar maka da baki, ga kuma goro."

Ni ko wata uku ba na gaida Malam Isa. Na rantse shi ya ƙafar min da yawu don ya karɓe ladancin masallacinmu.

Na ce, "Har goron? Ɗiyata, mi kika bar min a duniya?"

Likita ya sauya magani, na rage goro, ina kurɓar ruwa akai-akai. Yau na kira Azahar har ƙarshe, harshe bai manne ba!

Isa ne ya fara rungume ni. Jama'a, wai dole sai na ba shi haƙuri?