Daktura Ba Ta Hawa Bene

Shekara tara ina aiki a asibitin dabbobi a arewacin Jidda, kuma a unguwarmu Waziriyya ba wanda ya sani. In an tambaye ni sai in ce a asibiti nake shara, in ja bakina in yi shiru. Wa zan gaya wa cewa ni, jikar malamin da ya tako da ƙafa ya zo hajji, ina wanke karnukan Turawa da sabulun da ya fi nawa ƙamshi? Kullum kafin in shiga unguwa sai na tsaya na kakkaɓe abayata da burushi, kada gashi ɗaya ya tona min asiri.

Mai asibitin tana da wata karya ruwan zuma, mai faɗin kai, da aka horar don aiki guda: a kai ta wurin waɗanda masifa ta afka wa, ta kwanta kusa da su, su shafa ta. Ba ta haushi, ba ta tsalle. Mu ma'aikata muna ce mata daktura don tsokana. Da farko abin haushi ya ba ni. Mutum gidansa ya ƙone, kai kuma ka kwaso kare ka kai masa? Amma dabbar nan ta liƙe min kamar ni na haife ta, har mai asibitin ta ce in shiga cikin masu aikin sa kai, ni zan riƙa riƙe igiya. Na shiga ina gunaguni. A masaukin wasu leburori da gini ya rufta wa abokansu, na ga ƙaton namiji da ya kwana biyu bai ce uffan ba ya cusa fuska a wuyanta yana kuka kamar yaro. Daga ranar na daina gunaguni.

Sai gobara ta zo gidanmu. Ƙanwata ce, 'yar ƙanin babana, mijinta ya rasu da daɗewa, tana sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta biyu. Ran nan da hantsi ta kulle su a ɗaki kamar kullum ta fita kai abinci, wayar mukayyif, na'urar sanyin ɗakin, ta kama da wuta. Ko da ta dawo hayaƙi ya cika benen. Ta kama ƙofar ƙarfe da hannu biyu tana ja har fatar tafinta ta tsaya a jiki. Yaran ba su fito da rai ba.

Aka kai ta gidan gwaggonmu, hawa na uku, hannuwa a naɗe, sai kan yatsu a waje. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba, ba ta ci abinci ba. Mata suna shigowa gaisuwa suna cewa ta yi haƙuri, tana kallon bango. Kwana biyar sai ruwa da cokali, shi ma rabi yana bin haɓarta. Na dube ta na san in aka ci gaba a haka za mu sake wata jana'izar.

Na ce wa gwaggo, "Gwaggo, akwai wata daktura a wurin aikinmu, ta san irin wannan ciwon. Amma ba ta hawa bene, sai dai a sauko mata da mara lafiya cikin mota."

Gwaggo ta ce, "Wace irin daktura ce mai girman kai haka? To halas, shi ke nan, kai ta, Allah Ya sa a dace."

Bayan la'asar direban asibitin ya faka a ƙarshen lungu. Na riƙo ƙanwata muka sauko, na zaunar da ita a baya na ja ƙofa. Na san yadda aka rene mu: in mun hango kare, tsallaka titi muke. Daktura ta ɗaga kai ta dube ta, ta matso a hankali, ta ɗora haɓa a kan cinyarta. Ƙanwata ba ta motsa ba. Rabin awa muna zaune a haka, sai ƙarar na'urar sanyi. Da za mu fita na ga kan yatsunta a cikin gashin kunnen dabbar.

Kashegari muka koma. Rana ta uku na sayo tamis, gurasar nan mai zafi, na ajiye a kujera. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa yatsu ta gutsura da ƙyar ta miƙa wa daktura. Ta sake gutsura ta kai bakinta. Ɗaya ga dabba, ɗaya gare ta, har suka ci rabi. Da suka gama daktura ta lashe mata yatsu. Na juya fuska ga taga ina hawaye, ina cewa a raina mun tsira.

Muka hau sama. Ɗakin cike da mata. Gwaggo ta ce, "Yaya jikin, 'yar nan?" ba don tana jiran amsa ba, don ta saba. Sai ƙanwata ta ɗago hannunta, murya a dushe, ta ce, "Gwaggo, daktura ta lashe min hannu."

Maganarta ta farko ke nan cikin kwana takwas. Wata tsohuwa ta fara hamdala, sai ta tsaya a tsakiya. Gwaggo ta juyo ta dube ni, ta dubi abayata, wadda ran nan don murna na manta ban kakkaɓe ba.

"Kare?" in ji ta. "Ana zaman makoki, muna roƙon mala'ikun rahama su sauko wa yaran nan, ke kuma ki kai uwarsu wurin kare?"

Na ce, "Gwaggo, ai ta ci abinci."

Ba ta ko saurare ni ba. Ta sa aka kawo kwano da buta, aka ɗebo ƙasa daga tukunyar furen da ke bakin taga. Ta ce yawun ya shiga ƙyallen, dole a kwance. Aka kwance. Ta wanke hannun nan sau bakwai, ɗaya da ƙasa, a kan naman da bai yi fata ba. Gwaggo tana wankewa tana kuka, don ba muguwa ba ce, tsoron Allah take ji yadda ta iya. Ƙanwata ba ta janye hannun ba, ba ta ce wayyo ba. Ta mai da idonta ga bango.

Abin da yake ci na har yau shi ne ina da abin faɗa. Tun ina ƙarama na ji babana yana cewa a karatunmu na Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sha a ciki ce ake wankewa. Wankin jiki sau bakwai a nan muka tarar da shi, muka ɗauka muka riƙe fiye da masu shi. Na san wannan sarai. Amma ni da na shekara tara ina ɓoye aikina, ni da na ce daktura ce, da wane baki zan yi wa'azi? Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni, ina ƙirga wankin tare da su.

Gwaggo ta rantse motar nan ba za ta sake shiga lungun ba, ƙanwata kuma ba za ta sake sauka tare da ni ba. Na yi roƙo, na yi faɗa, na turo manya. Amsa ɗaya ce, ai ga asibitin mutane nan. Sun kai ta kuwa, an ba ta ƙwayoyi, tana haɗiya. Ba ta mutu ba. Ana ɗura mata kunu tana sha, shekara biyu ke nan, kuma tun daga wancan yammacin ba wanda ya sake jin muryarta.

Har yanzu ina fita da daktura. Ta tsufa, ƙafar baya tana ba ta wahala, yanzu da gaske ba ta iya hawa bene. Ina kai ta wurin baƙin da ban san su ba, suna shafa ta suna samun sauƙi, ni kuwa ina riƙe da igiya ina jin haushin kowa, har da su.

Ran Juma'a ana bari na in je gaisuwa, muddin gwaggo tana ɗakin. Na daina kakkaɓe abayata. Ina zama kusa da ƙanwata in ce, "Sannu, ya jiki?" Ba ta duba na. Sai can yatsunta, da suka warke a tanƙware, su lallaɓo gefen rigata su tsinci gashi ɗaya ruwan zuma. Ta dunƙule shi a hannu ta ɓoye ƙarƙashin cinya, kada gwaggo ta gani.