Muru da Kwanon Ruwa

"Ka ji wai Doña Eulogia ta kai ɓeran Masar ɗinta asibiti?"

"Wane asibiti, kasko ko tukunya?"

"Asibitin dabbobi, mai likita da farar riga. A goye ta kai shi, kamar jariri."

"To Allah ya ba shi lafiya. Ran da ya warke a gaya min, ni zan kawo dankali."

Maza biyu ne a tashar motar unguwarmu, can saman birnin Arequipa inda kwalta ke ƙarewa. Suna bubbuga ƙafa saboda sanyi, suna kallon gurbin da amalanken Doña Eulogia ke tsayawa kullum da asuba. Ranar gurbin babu kowa, kuma duk mai jiran mota sai ya waiga can kafin ya tuna ba ta fito ba.

Ruwan zafi take sayarwa, na gasasshen sha'ir da ganyayen dutse da lemon tsami, wanda masu sammako ke sha don ƙoda da sanyin ciki. Ba ta iya miƙa kofi shiru. Sai ta dubi idon mutum ta ce masa ba ya shan ruwa, ga shi nan fuskarsa ta bushe, in ya yi wasa wata rana fitsari zai gagare shi. Direbobi suna kiranta Likita, ita kuma tana kiransu 'ya'yan banza, ta ƙara musu rabin ludayi.

A wani ƙauye kusa da garin Sicuani aka haife ta, a gidan da kuy, wato ɓerayen Masar, ke yawo a ɗakin girki ƙarƙashin dakalin murhu. Tun tana ƙarama aikinta ne yanko musu ciyawa da raɓarta, ta zube a ƙasa su fito suna tsuwa. Na nama ne. Ana yanka su ran biki, ko in baƙo mai daraja ya sauka. Doka ɗaya mahaifiyarta ta kafa mata a kansu, kuma duk ƙauyen a kanta yake: kuy ba ya shan ruwa. In aka ba shi, cikinsa zai kumbura, kafin gari ya waye ya miƙe. Ta yi aure, ta biyo miji birni, ta binne shi, 'ya'ya suka watse Lima da wuraren haƙar ma'adinai, dokar nan tana nan a kanta ba ta taɓa girgiza ba.

Muru, ɓeran Masar ɗin nata, shi ma don yanka ya zo. Cikin kwali aka aiko shi daga ƙauye tare da 'yan'uwansa, don bikin askin farko na jikarta. Aka duba aka ga ya yi ƙanƙanta, aka ce a bar shi ya yi nama. Kafin ya yi naman ya koyi ƙarar tayar amalankenta. Tun tana kan kwana yake fara tsuwa, in ta buɗe ƙofa ya bi ƙafarta har gaban murhu. Biki ya zo ya wuce, wani ma ya wuce, kullum ta ce bai kai ba. Daga baya ta daina ba da uzuri. Ta yi masa akwati, ta shimfiɗa garin katako, tana sayo masa busasshiyar alfalfa, ciyawar da ake ba shanu, da dusar sha'ir, tunda a wannan tudun namu ko tsiro ɗaya ba ya fitowa sai an yi masa ban ruwa.

Ciwon Muru ya fara ne da wata irin tsuwa da ba ta san shi da ita ba. Sai ya tsugunna a kusurwa, ya dunƙule bayansa, ya yi ƙara siririya, ɗigo biyu su fito. Gashin cikinsa ya jiƙe yana wari. Da ta ɗaga garin katakon sai ta ga ja-ja a ƙasa.

Daga nan zama ya gagare ta. Tana tashar mota hankalinta yana gida. Ta zuba wa mai neman lemon tsami zuma, ta bar wuta ta mutu a ƙarƙashin tukunya. Ta tashi kasuwa tun rana ba ta ɗaga ba, ta tura amalanke tudu har numfashinta yana sarƙewa, ta tarar da shi inda ta bar shi. Ta dafa ganyen da take ba mutane na ƙoda, ta jiƙa tsumma ta gasa masa ciki. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ta ɗiga masa a baki ba.

Yayanta Anacleto, magini ne, gidansa bayan nata, ya leƙo ya ɗaga Muru ya jinjina a tafin hannu. Ya ce tun yana da sauran nauyi gara a yi abin da ya kamata, haka ake yi a gida, ba a barin dabba ta rame a banza. Ta ƙwace abinta ta mayar cikin akwati. Washegari ta naɗe Muru a mayafi ta hau mota zuwa cikin gari, ranar ke nan da aka ga gurbinta babu kowa.

A ɗakin jira ta zauna tsakanin masu karnuka, ta tashi, ta koma ta zauna. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autarta ba. Ta lallatsa cikin Muru a hankali, ya yi ƙara. Ta tambayi abin da yake ci, ta tambayi sau nawa ake sauya masa shimfiɗa, sannan ta ce, "Ruwa fa, Inna? Yana sha sosai?"

"Wane ruwa, 'yata? Kuy ne fa."

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce kakarta ma haka take faɗi, kuma a ƙauye maganar ba ta cika yin illa ba, don ciyawar can ɗanya ce, rabinta ruwa, dabba tana ci tana sha a lokaci guda. Nan kuwa busasshiya yake ci da dusa. Fitsarinsa ya yi kauri, ya daɗe a mafitsara, ƙwayoyin cuta suka sami wurin zama, jiƙaƙƙen garin katako ya ƙara musu hanya. Alfalfa ma ta yi wa babban kuy yawa, tana tara wani abu kamar alli a mafitsara, har ya dunƙule ya zama tsakuwa. Ta ba ta maganin ɗigawa na ƙwayoyin cuta da na zafi, ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta fasa masa ƙwayar mutane daga kemis, tana kashe kuy. A rage alfalfa, a ba shi ciyawa mai laushi da kokwamba, a bushe shimfiɗa kullum. In fitsari ya tsaya cak, a rugo da shi ko wane lokaci ne. Amma maganin ba zai je ko'ina ba in babu ruwa. In ya ƙi sha da kansa, ga sirinji marar allura, a ɗiga masa ta gefen baki.

Magani ta ba shi daidai yadda aka ce. Shimfiɗa ta sauya har sau biyu a yini. Ruwan ne ya tsaya mata. Ta zuba a ɗan kwano ta ajiye a akwati, ta je ƙofa, ta dawo ta ɗauke. Ta sake ajiyewa, ta tsaya a kansa tana kallon cikinsa ko zai kumbura. Shi kuwa Muru bai san abin ba ma. Ya shinshina, ya taka a ciki, ya koma kusurwarsa. Ta ji daɗi cewa ya ƙi, sannan ta ji haushin kanta. A tasha ta tambayi wata mai sayar da burodi, 'yar yankinsu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kuy da ya sha ruwa ya kwana ba. Ta tambayi wani direba, ya ce na matarsa har kwalbar shan ruwa suke da ita. Ta dawo gida da maganganu biyu, ba ta san wacce za ta sauke ba.

Ran Lahadi jan ya ragu, amma ɗigon ma ya ragu. Ta shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashinsa tun safe, aka tashi daga coci bai jiƙa ko girman ƙwandala ba. Kokwambar da ta yanka tana nan bai taɓa ba. Ta ɗauko sirinjin ta zuƙi ruwa. Da hannu ɗaya ta riƙe Muru, ya zille, ruwan ya zube a siket ɗinta. Ta sake, ta kusa tsone masa ido.

Anacleto ya turo ƙofa yana fito, da damin ganyen ƙanshi irin wanda ake shafa wa naman kuy kafin gashi. Ya ce a hanya ya gani, kada ta ce wani abu, ganye ne kawai, ko a miya ana sawa. Ya ga sirinjin, fiton ya tsaya.

"Eulogia, ruwa ne wannan? Kin manta abin da Inna ta ce?"

"Ban manta ba. Inna ba ta zauna a kan wannan tudun ba."

"In ya kumbura fa?"

Ta dubi tsumman, ta dubi Muru yana numfashi sama-sama. Ta ja kujera da ƙafa zuwa bakin taga inda haske yake, ta sake cika sirinjin.

"Yaya, ajiye ganyen nan ka wanke hannu. Zo ka riƙe min shi a ƙirjinka, kansa a sama, kada ka matse masa ciki. Da hannu ɗaya zille min yake."