Gafakar da Na Hana a Binne

Littafin Hausa ɗaya tak na taɓa mallaka. Wata baƙuwa daga Najeriya ce ta bar mini shi, labarin wani mutum da ya ratsa ƙasashe a bayan babbar mota yana rubuta abin da idonsa ya gani. Na karanta shi har bango ya fita, shafukan suka yi laushi kamar kisra, gurasarmu ta dawa mai falle-falle. Da na ga na kusa haddace shi, sai na hau mota zuwa birnin Sinnar, a nan ƙasarmu Sudan, neman wani irinsa. Mai kantin littattafai ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni da Larabci wai dama ana rubuta Hausa? Kai! Na fito ko sallama ban yi masa ba.

Na koma ƙauyenmu, can gefen Suki, ina ta mita. Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana tsugune tana haɗa jabana, gahawarmu. Ta ce, "Ke, kin ishe mu. Ga labarin tafiya rataye a ɗakin Yayanki kina yawon Sinnar."

Gafaka take nufi, jakar fata ɗinkakkiya da kakan babanmu ya zo da ita daga ƙasar Sakkwato. Tun tasowarmu laya muka ɗauke ta. Ranar Juma'a a yi mata turare, lokacin shukar auduga a zaga da ita gona. Ba wanda ya taɓa buɗewa, wai mai buɗewa zai makance. Amma Gwaggo ta ce kakarta ta faɗa mata, duk zangon da suka sauka sai tsohon ya zauna ya yi rubutu.

A makon nan kuwa Yaya ya haƙa harsashin sabon gida, ya ce a ciki zai binne gafakar don ta tsare gidan. Na je na same shi.

"Yaya, bari in karanta kafin ka binne."

"Kina da hankali? Abin da maza suka ji tsoro ke za ki taɓa?"

"To in na makance, idanuna ne."

Ya ce magana ta ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari da hantsi yana gona, na shiga ɗakinsa, matarsa na kallona tana salati, na sauke gafakar. A tsakar gida na zauna na farke ɗinkin da wuƙar yanka kuɓewa.

Hausa ce, wallahi, da ajami. Tsohon yana ƙorafin jakinsa da ya mutu a hanya, da ƙafar matarsa da ta kumbura, da wata rijiya mai ruwan ɗaci. Ya ma zagi wani abokin tafiya mai minshari. Na yi dariya, na yi kuka, Gwaggo na cewa in ɗaga murya.

Yaya ya dawo ya tarar da takardu a cinyata. Ya ce na tone wa gida asiri, na bar 'ya'yansa babu kariya. Na ce masa mutumin nan ya rubuta ne don a ji, mu kuma muka yi ta yi masa hayaƙi.

Damina biyu ke nan bai taka ƙofata ba, kuma abin yana damuna, ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Yakan aiko matarsa wai in mayar. Amsata ba ta canja ba: ya zo, in shimfiɗa masa tabarma, in karanta masa daga farko har ƙarshe. Amma kakana ba zai shiga ƙasa sau biyu ba.