Ranar da Aka Yi Makokin Baba Yana Raye

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Tanimu marubuci. Masu karanta wannan shafi a takarda suka san shi. Ni kuwa na san shi tun yana goya ni, kuma ina nan ranar da ya sa gidanmu kuka da tsakar rana alhali ba wanda ya mutu. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin hali, amma ya iya jawo magana.

Mu 'yan Zugu ne, wato Djougou, jikokin fataken goro da suka yi ta kai da kawowa a hanyar Gwanja. Baba ya zaci ɗansa na fari zai gaji rumfarsa ta goro. Sai Yaya ya gama lakwal, wato makarantar boko, daidai lokacin da aka samu 'yancin kai, ƙasar tana Dahome, ya kama aikin magatakarda a Gar, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, ya kama ɗaki a unguwar Ganou. Wannan Baba ya haɗiye shi da ƙyar. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne jin cewa yaron ƙagaggun labarai yake rubutawa. Ya ce jikan madugu ya koma sana'ar ƙarya. Yaya ya ji, ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa har da Sallah. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan iri ɗaya ne. Shekaru suka wuce, Inna tana tsakani tana ramewa.

In an tambaye shi inda yake samo labari, cewa yake shi ba ya ƙirƙira, tsinta yake yi. A bakin mahauta yake tsinta, da dillalan shanu, da matan da ke sayar da tuwo a bakin tasha. Daga sallar asuba zuwa hantsi yake rubutu, da ɓarin goro a kunci, kuma ko gobara ake yi ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sai dai yana da doka guda: ba ya rubuta abin da bai fara faɗa da baki ba. Da rana sai ya sulale rumfar mai shayi, ya zauna cikin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ya ce, "Kun ji abin da ya faru kuwa?" Bai taɓa gaya musu ƙage ba ne. Ya ce in ka ce tatsuniya ce, da ladabi za a saurare ka, in ka ce jiya aka yi, da ciki za a saurara. Duk inda wani ya tashi duba taya, nan ne labarin ya yi sanyi, gobe da asuba zai yanke wurin.

Yanzu ina ganin yaranmu suna rubuta babi a waya, kafin shayi ya huce an watsa, mutum ɗari sun ce ya yi daɗi. Da yana nan na san ba zai raina su ba, shi ma an raina shi ya ji zafin abin. Amma zai tambaye su wa ya tashi duba taya. Samarin da ke zuwa masa neman shawara a Ganou, abu biyu yake nanata musu. Kada ka karanta wa mai sonka, domin so makaho ne. Kuma ka bar kunnenka ya girmi hannunka.

To, wata rana ya zauna a rumfar nan ya ba da labarin wani tsohon mai goro na Zugu da ciwo ya kama a hanya ya rasu. Ya canja suna, amma wayon nasa bai kai ya canja ɗingishin ƙafar hagu ba, ko al'adar tsohon ta ba baƙo goron farko na kowane huhu kyauta. Duk Zugu mutum ɗaya ne haka. Wani direba, Sidi, mai kawo mana gishiri, bai jira ƙarshe ba. Ya yi salati, ya tada mota, sai Zugu. Yaya ya bi shi da kallo, ya ɗauka labarin ne ya gundure shi.

Abin da ya ƙara ɓata lissafi, Baba yana ƙauyen Pelebina cin kasuwa, kwana biyu ke nan. Sidi ya ce daga bakin ɗan ya ji, wa zai musa? Aka ce ai asibitin Parakou aka kai shi. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an ɗora tukwane, Inna ta faɗi sau biyu. Ni ma na yi kukan da har yau in na tuna ina jin haushi. Da la'asar sai ga Baba a kan kekensa, da sauran goro ɗaure a baya. Wayyo, mata suka watse, wata har da barin zane! Shi ko ya jingine keke, ya dubi waɗanda suka zo, ya lura da waɗanda ba su zo ba, ya ce tunda an dafa a zauna a ci. Sa'an nan ya kira Sidi ya ce ya koma ya ɗauko masa wanda ya binne shi.

Washegari Yaya ya durƙusa a zaure. Na laɓe a bayan asabari, don ni ba a barina a baya. Baba yana tsince goro a kan jiƙaƙƙen buhu, bai ɗaga kai ba. Dama ba ya kiran sunansa, kunyar ɗan fari.

"Kai, an ce ka kashe ni. Faɗa mini yadda na mutu."

Yaya ya fara. Bai yi nisa ba Baba ya katse shi. "Ƙarya ne. Ba mai goron da zai kwanta ciwo bai ce a yayyafa wa huhunsa ruwa ba. Ci gaba."

Ya ci gaba. A labarin, tsohon yana kwance yana tambayar ɗansa. Ɗan yana birni, saƙo ya same shi, girman kai ya hana shi tashi da wuri. Da ya iso har an rufe. Ya zauna a bakin kabari yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, cewa kullum sai ya ratsa layin masu goro ba don saye ba, don kawai ya ji ƙamshin rigar ubansa. A nan maganar Yaya ta tsaya. Hannun Baba ma ya tsaya a kan buhu.

"Ɗan bai iske shi ba?"

"Bai iske shi ba, Baba."

"To, wannan wurin bai yi ba. A gyara."

Ya fasa goro, ya miƙa masa ɓari. Iyakar sulhun ke nan, ba wanda ya ce yi haƙuri. Daga ranar, duk ƙarshen wata Yaya yana saman kamiyon Zugu. Mutumin da ya kira aikinsa sana'ar ƙarya shi ya zama rijiyarsa, yana ba shi labarin zango da ayari, yana yi masa faɗa in ya ɗaura wa jaki kaya ba daidai ba. Ranar da Baba ya rasu da gaske, kansa yana kan cinyar Yaya.

Da littafin ya fito na tarar an yayyafa wa huhu ruwa, amma ɗan nan har yanzu bai iske ubansa ba. Raina ya ɓaci, na je har Ganou na same shi. Na ce, "Yaya, Baba fa ya ce a gyara." Ya ce, "Hajara, na gyara inda ya dace. Na takarda a bar shi haka, ko wani zai karanta ya tashi ya nemi mota."

Yau littattafansa sun yi wuyar samu, nawa ma gara ta ci bangonsa. Rumfar mai shayi ta zama shagon waya, direbobin da suka san muryarsa duk sun bi shi. Nakan zauna in ce me ya rage na wahalar asubar nan? Ina kewarsa, ba zan ɓoye ba. Bara a kasuwar Parakou wani mahauci mai furfura ya ji ana cewa ni ƙanwarsa ce. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya ce yana saurayi aka karanta musu littafin, lokacin sun daɗe ba sa magana da mahaifinsa. Bai jira an kai ƙarshen shafi ba ya rufe tebur ya nufi tasha.

Ya ce, "Hajiya, na iske shi."