Shuɗin Zaren Ummu Sa'ad

Akwai wata Talata da har yau ban manta da ita ba, ranar da Ummu Sa'ad ta miƙo mini wani ƙunshi daga kujerar baya ta ce, "Ya Sani, buɗe." Lokacin ina shekarata ta tara a gidansu na unguwar Malaz a Riyad. Ku sababbin direbobi da ke taruwa a ɗakinmu na Gubaira ranar Juma'a kuna kukan zaman jira, don ku na rubuta wannan.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai sani ba. Direban gida a Riyad yana ƙarƙashin kafili, wato mutumin da ya ɗauko shi, wanda sunansa ke kan takardar zamansa. Ni kafilina Sa'ad ne, babban ɗan gidan, amma ba shi nake tuƙawa ba. Mahaifiyarsa nake tuƙawa, tsohuwar malamar makaranta. Asibiti, kasuwa, gidan 'yarta Munira a Jaradiya, a dawo. Tuƙin bai fi awa biyu a yini ba, sauran duk zama ne cikin mota. Ban yi boko mai nisa ba, waya kuma ciwon kai take sa ni, sai na koma wa sana'ar gidanmu. Mahaifina ɗinkin hula yake yi a Damagaram, a gabansa na koya. Nakan ajiye allura da zare a mota. Ashe tsohuwar tana lura.

Ita ma mai allura ce, amma ba don sayarwa ba. Tana da akwati guda cike da ɗinke-ɗinken da ta fara a shekarun koyarwa ba ta gama ba. Da ta bar aiki ta ce sai ta ga bayansu ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙa kai ta sayen zare. A gabana ta gama wani bargo na haɗe-haɗen ƙyallaye da ta yanko daga tsofaffin rigunan 'ya'yanta, wanda ya fi shekara ashirin a ninke. Wannan da ta miƙo mini shi ne na ƙarshe a akwatin.

Farin ƙyalle ne mai ƙananan ramuka a jere, faɗinsa ya kai kamu biyu. A kansa an ɗinka gonar dabinon mahaifinta: gidan ƙasa, rijiya, itatuwa suna tsaye. Daga kan ganye zuwa sama kuwa fari fat.

Na ce, "Mama, ai ya kusa."

Ta ce, "Sararin sama ya rage. Shuɗi kala huɗu ne, ni yanzu duk ɗaya nake ganinsu."

Na san maganar, don ni ke kai ta likita. Idonta na dama ya daɗe da dushewa. Na hagu take rayuwa da shi, shi ma ya fara. An sa mata ranar aikin ido nan da mako shida, kuma likita bai ɓoye mata ba: yana iya gyaruwa, yana iya tafiya gaba ɗaya. Tana so ta ga gonar a gama tun tana da idon gani.

Na ce, "Ni hula na iya, Mama. Wannan ba irin namu ba ne."

"Allura ɗaya ce. Me kake yi a motar nan banda hamma? Ina jin ka tun daga ƙofar asibiti."

Ta nuna mini. Kowane ɗinki zare biyu ne, ɗaya ya kwanta a karkace, ɗaya ya gicciya shi. Akwai takarda da ke nuna kalar kowane rami. Ta ce in ƙirga, kada in yi da ka. Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan.

Mako biyar na yi a cikin shuɗin nan. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Zan ajiye mota a inuwar bango, in kunna sanyi kaɗan, in zura zare. Ramuka goma, ashirin, sai ƙarar titi ta yi nisa. Sai in ga kaina a rumfar mahaifina, hadari yana haɗuwa daga gabas, awaki suna gudu gida, ƙamshin ƙasa ya taso tun kafin ruwa ya sauka. Wani lokaci ban san ko saman gonar mahaifinta nake ɗinkawa ko ta garinmu ba. Kalar da ta fi duhu ina sa ta can ƙoli, mai haske tana saukowa har ta taɓa ganyen dabino, kamar yadda take yi bayan Asuba. Sau biyu Munira tana ƙwanƙwasa gilashi ban ji ba. Mutum mai shekara hamsin, bayansa na ciwo, 'ya'yansa suna girma a hoto, ya samu inda yake zuwa ya huta, kuma wurin bai fi faɗin cinyarsa ba.

Saura kwana huɗu a yi aikin na ga ɓarnar. Bayan La'asar ne, rana ta shigo ta gefe, na ɗaga ƙyallen in duba abin da ya rage. Sai na ga saman ta rarrabu fili-fili, wani wuri yana sheƙi, wani ya yi duhu, alhali zaren kala ɗaya ne. Na kusanto da ido. A nata ɗinkin, zaren da ke bisa duk gefe ɗaya ya kwanta, dubbai, babu ɗaya da ya saɓa. Nawa kuwa wani ya kwanta dama, wani hagu. Mu masu hula juya aiki muke yi a hannu, duk inda ya fi daɗin kamawa nan ne gaba. Ƙyallen ya yi wa wurin zamana faɗi, sitiyari yana tare ni, sai in juya shi a kaikaice in ci gaba. Duk sanda na juya, zaren ya canja kwanciya. Na ƙirga wuri biyar.

Warwarewa da sakewa sai mako biyu, ko fiye. Na nuna wa Buhari, wani Bamaraɗe da ke tuƙi a gidan maƙwabta. Ya duba ya ce, "Kai dai ka cika neman magana. Tsohuwar da ba ta bambance shuɗi da shuɗi ita za ta ga kwanciyar zare? Rufe bakinka ka kai mata."

Gaskiyarsa, ba za ta gani ba. Abin da ya hana ni ke nan. Da safe da ta shigo mota ban ko tayar ba na ce, "Mama, na ɓata miki aiki." Na faɗa mata duka.

Ta shafa wurin da yatsa, ta daɗe. Ta ce, "Ka juya ƙyallen."

"Na juya."

"Wa ya ce ka juya?"

"Ba wanda ya ce kada in juya."

Ta yi tsaki. Na zaci faɗa zai biyo baya. Sai ta ce, "Nawa ya rage?" Na ce kusurwa ɗaya, aikin kwana uku. Ta ce, "Cike ta. Ba ni da mako biyu. Yalla, maza tayar da mota."

Ana gobe aiki na sa zaren ƙarshe. Munira ta shimfiɗa shi a tsakar gida inda haske yake, aka kira ni na tsaya daga bakin ƙofa. Tsohuwar ta durƙusa, ta kai fuskarta kusa har hancinta ya kusa taɓa ƙyallen, tana bin sa a hankali daga rijiya zuwa ƙoli. Ta ce wa Munira a nan kakarta ke shanya dabino, a nan jaki ke jan guga, ita har ƙarar igiyar take ji. Da ta ɗago ta ce a ninke, an gama.

Aka yi aiki. Direba ba a yi masa bayani, kun sani. Na kai, na ɗauko, ido a naɗe. Kwanaki bayan haka muka koma a duba. Ƙyallen yana mota, don Munira ta ce daga asibiti za mu wuce a sa shi a firam. Awa uku na yi ina jira, ban iya taɓa allura ba. Suka fito, tsohuwar da baƙin tabarau, Munira na riƙe da hannunta. Suka shiga, ni kuma ban isa in tambaya ba.

Sai tsohuwar ta ce, "Ba ni ƙyallen."

Ta cire tabarau, ta buɗe shi a jikin taga. Ban juyo ba, ina kallo ta madubi. Ta riƙe shi nesa da fuskarta, tsawon hannu.

"Nan ka juya," in ji ta. "Nan ma. Nan. Ya Sani, wannan sama ce ko tabarmar kaba?"

Ta nuna wuri bakwai. Ni biyar na sani. Munira ta rufe fuska tana dariya tana kuka, ni kuma na kama sitiyari na ce alhamdu lillahi.

"Alhamdu lillahin me? Ba za a sa wannan a bangona ba. Warware. Kuma in ka sake juya shi sai na gani."

Na warware. Wata biyu na yi ina sakewa, a kujerar baya nake zama inda sitiyari ba ya tare ni, kullum tana dubawa tana samun abin faɗa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Aikinmu jira ne, kuma jiran nan shi ne yawancin rayuwar da za ku yi a ƙasar nan, don haka ku samo abin da hannu zai riƙe. In aka ba ku aikin da ba naku ba, ku tambayi abin da mai shi yake ganin bai kai a faɗa ba, a nan ɓarna take. In kuma kun ɓata, ku faɗa tun mai abin bai gani ba. Ni na sha faɗa a gidajen mutane shekara da shekaru, na manta yawancinsa. Na ranar nan kaɗai ne na ji ina so a ƙara mini.